Layi huɗun da Sama'ila ya bari ba rubutu

Da daminar bana ƙanena Sama'ila ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Mu uku ne maza a gidanmu da ke wani ƙauye a ƙasar Danja: ni ne babba, Haruna ke bi mini, Sama'ila ne auta. Na girme shi da shekara goma sha uku, ni na fara kai shi firamare a bayan keke, don haka ban taɓa zaton wata rana zan zauna ina rubuta wa jarida abin da na koya a wurinsa ba. Duk wanda ya san ni ya san ba na son a koya mini abu.

Har ya bar duniya rabin mutanen garinmu gyaran waya suka ɗauka yana yi. Sun san yana da ɗaki a Funtua, da kwamfuta, da faifan sola a kan rufi, to me kuma zai yi in ba gyara ba? In ya zo gida sai a yi ta kawo masa wayoyin da suka faɗa ruwa, ya karɓa yana murmushi, ya kai wa masu gyara a kasuwa. Aikinsa na gaskiya yana can ciki, inda mai riƙe da waya ba ya gani. Ya ce mini kowace kwamfuta tana da wani sashe a tsakiyarta da masana ke kira kanel, shi ne maigidan da ke raba wa duk ayyukan da ke gudana wurin ajiya da lokacin aiki. Shi da wasu mutane na ƙasashe daban-daban, waɗanda bai taɓa gani ido da ido ba, suna gina wani ƙaramin kanel ne na ƙananan na'urori.

Abin da aka ɗora masa shi ne wannan. Idan wani aiki yana gudana ya ga yana buƙatar mataimaki, sai ya roƙi kanel ya fitar masa da wani aikin daga jikinsa, su kuma suna kiran na farkon uba, na biyun ɗa. Tambayar ita ce, me za su yi tarayya a kai? A nasu kanel ɗin da ƙofa biyu ce kawai: ko ɗan ya haɗa komai da uban, ko a ware shi da nasa kaf. Sama'ila ya so a ba kowane abu alamarsa, suna ce mata tuta, mai roƙo ya ɗaga ko ya sauke: tutar wurin ajiya, tutar fayilolin da aka buɗe, tutar saƙonnin gargaɗi. Ya sha faɗa cewa ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, manya sun riga shi, nasa kawai ya zaɓi waɗanne tutoci za a yi da waɗanda ba za a bari su haɗu ba. Kusan shekara biyu ya yi a kan tutocin da ba su kai yatsun hannu biyu ba. Na ce masa ni a shekara biyu na noma auduga sau biyu na kai Funtua, shi yana zaune yana ɗaga tuta. Ya yi dariya ya ce tuta in ta fita ba ta dawowa, mutane za su gina ayyukansu a kanta, ranar da ka canza mata ma'ana ka rushe musu gini.

Na ɗauki maganar surutun 'yan boko har sai da Baba ya rasu, shekara uku kafin rasuwar Sama'ila. An raba gado yadda shari'a ta ce, kowa ya san nasa. Abin da ya rage shi ne gandu: za mu ci gaba da noma tare, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, yadda Baba ya bar mu, ko kuwa? Haruna ya ce shi yana so ya yi tumatirin rani a rabonsa na fadama, ba sai ya nemi izinina ba. Ni kuwa na ji abin kamar mari. Na ce masa ko yana ciki ko yana waje, in waje ne zan ja katanga ta raba tsakar gida, ya fasa tasa ƙofar. Ba barazana nake ba, har bulo na sa aka kawo aka jibge bayan zaure. Inna, mahaifiyarmu, kuwa sai kwanon tuwonta ya fara dawowa yadda aka kai shi.

Ranar wata Juma'a Sama'ila ya hau acaɓa daga Funtua. Bayan an sauko daga masallaci ya zaunar da mu a zaure, ya yago takarda daga littafin makaranta. Bai yi mana wa'azin zumunci ba, wanda da ya fara da na tashi. Tambaya ya riƙa yi, abu ɗaya ɗaya. Gonar tudu, tare ko kowa da tasa? Haruna ya ce tare. Shanun huɗa? Tare. Rijiya? Ƙofar gida? Kujerar Inna a tsakar gida? Duk tare. Sai da aka zo kan fadama ya ce tasa daban. Ina zaune ina ji, kunya ta fara kama ni, domin a cikin abu tara ɗaya tak mutumin nan yake so ya ware, ni kuma na sayi bulon da zai raba taran.

Wuri ɗaya Sama'ila ya ƙi. Can ƙarshe Haruna ya ƙara da cewa yana so a ci gaba da girki a tukunya ɗaya, amma ya yi nasa rumbun. Auta ya ajiye biro.

"Yaya Haruna, wannan ba za ta yiwu ba. Tukunya daga rumbu ake cika ta. In an haɗa tukunya an raba rumbu, kafin wata uku wani zai fara leƙen wanda aka fi ɗiba a nasa. Ko a haɗa su biyun, ko a raba su biyun."

Haruna ya ce to, a haɗa. Daga baya Sama'ila ya gaya mini a tutocinsa ma haka yake: wanda ya ɗaga tutar saƙonnin gargaɗi ya sauke tutar wurin ajiya, kanel ba ya ƙoƙarin faranta masa, mayar masa da roƙonsa yake tun daga bakin ƙofa.

Da ya gama, sai ya ja layi huɗu a ƙasan takardar bai rubuta komai a kansu ba. Na tambaye shi ko tawada ce ta ƙare.

"A'a, Yaya. Na abubuwan da ba su zo ba tukuna ne. Duk abin da ba ya cikin takardar nan, kada wani ya ɗauka na gandu ne, kada wani ya ɗauka nasa ne. Sai mun zauna."

Na ce wannan tsirfa ce kawai. Ya ce kuskuren da ya fi tsoro a aikinsa ke nan: a kawo wa kanel tutar da bai sani ba ya yi shiru ya wuce. Mutane za su saba da shirun, ranar da aka ba tutar ma'ana sai rigima ta tashi, kowa kuma yana da gaskiya. A daren nan dai Inna ta cinye tuwonta.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kwana shida. Ba zan yi dogon bayani ba, har yanzu abin yana yi mini ciwo. Da matarsa Hajara ta fita takaba, na so in yi irin nawa, in ce mata ko ta zauna da mu ɗungurungum ko ta koma gidansu da yara. Haruna ne ya ɗauko takardar. Muka tambaye ta abu ɗaya ɗaya, ta ce tukunya da rumbu tare, ɗinkinta da makarantar da za ta sa yara nata ne. Muka rubuta, layi na farko cikin huɗun nan ke nan. Bulon nan da ya shekara uku a bayan zaure kaji na kwana a kansa, da shi muka gina musu ɗaki biyu. Layi na biyu ya tafi lokacin da muka sayar da sa ɗaya muka sayi injin casar masara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yaran gidanmu kowa da waya, suna yi mata tambaya tana ba su amsa, ba wanda ya san akwai wani maigida a cikinta yana raba aiki. Ina jin ba zai damu ba, ya taɓa cewa aikinsa in ya yi kyau ba a sanin yana nan. Shekara biyu da suka wuce ɗaya daga cikin abokan aikinsa ya aiko wa Hajara saƙo, ɗanta babba ya fassara mana. Ya ce sun buƙaci sabuwar tuta, suka tarar Sama'ila ya bar musu gurbi kuma ya sa kanel yana ƙin duk wanda ya taɓa gurbin, don haka suka sa ta, ba abin da ya lalace. Hajara ta yi kuka. Ni na fita waje na yi nawa.

Kada mai karatu ya ɗauka na gyaru. Da ranin bara Haruna ya sa famfon sola a fadamarsa. Albasata tana maƙwabtaka da shi, wata safiya na ja tiyo na shayar da ita ba tare da na ce masa uffan ba, a raina ina cewa ruwa ai na gida ne, ni ne kuma babba. Na yi haka kwana uku. Tumatirinsa na ƙasa ya rasa ruwa ya fara yaushi. Da ya yi mini magana na taso masa, har na ji bakina ya sake ambaton katanga, a gaban Inna, wadda yanzu da sanda take tafiya. Haruna bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar a cikin ledarta, ya miƙo mini.

"Yaya, nuna mini famfo a nan."

Na duba sama na duba ƙasa, alhali na san babu. Ga rubutun auta, ƙanana, a karkace kamar yadda yake yi tun yana firamare, ga layi biyu a ƙasa suna jira. Na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ƙanena ba tun da aka haife shi. Muka zauna a zaure muka rubuta: famfo na Haruna ne, ruwa tare, kwana biyu nasa ɗaya nawa, in ya lalace mu gyara tare.

Sama'ila bai bar mota ba, bai bar gida a Funtua ba, kwamfutarsa ma ta daina kunnuwa. Abin da ya bari tsakar gida ce da har yau mutum zai tsaya a bakin zaure ya hango ƙarshenta, da tukunya ɗaya da mutum goma sha tara ke ci daga cikinta, uku daga ciki 'ya'yansa ne. Saura layi ɗaya a takardar. Kwanan baya na ce wa Haruna in ya cika ban san yadda za mu yi ba, tunda mai ja mana layi ya tafi. Ya ɗauko biro ya miƙo mini, ya ce ai bayan takardar fari ne tas. Na juya ta na ja layi huɗu, ban rubuta komai a kansu ba.