Mai Keke da Gidan Magini

A layinmu, in ka ce kana neman Mai Keke, shagon ɗinki za a nuna maka, ɗan ɗaki mai taga ɗaya a jikin gidansu. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tef ɗin awo a wuya da allura soke a bakin ɗankwali. Ita ke ɗinka rigunan mawaƙan coci, ita ke rage wa ƙanne tsawon wandon yayyensu. A Zumuntar Mata kuwa ita ke ɗaga waƙa, ko da yake mijinta, kafinta, yakan ce muryarta ta fi dacewa da kiran yara cin abinci.

"Kai dai yi shiru, Baban yara," takan ce masa. "Ranar da ka ɗaga waƙa har jarirai sai da suka fashe da kuka."

'Ya'yansu duk sun watse neman abinci, sai Auta ya rage a gida, yana tuƙin motar ɗaukar kaya. Wata Asabar da yamma ya sha ya yi tatul, ya shigo layi a guje, ya kwashi Magini yana dawowa daga aiki. Magini ba baƙo ba ne. Gidansa na ƙarshen layi, benci ɗaya suke zama da kafinta a coci, shi ne ma ya gina mata shagon. Ya rayu, amma a asibiti sai da aka yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa. Kotu ta ɗaure Auta.

Mai Keke ta rufe shago, ta ɗauke ƙafa daga coci. Da Fasto ya zo, a tsakar gida ya same ta zaune kan bokiti, wanki a gabanta ba ta taɓa ba.

"Fasto, da wane ido zan dubi matar Magini?"

"Ban zo in ja ki coci ba, Mama. Na zo in ga ko kina cin abinci."

Suka yi addu'a, ko Amin ba ta iya cewa ba.

Kafinta bai fasa zuwa sujada ba. Wata Lahadi ya dawo, ya cire takalmi, ya ce, "Maman yara, an sallamo Magini. Na hango shi a ƙofar gida yana koyon tafiya da sanduna. Ƙafar wandon tana lilo, ta harɗe masa sanda, saura kaɗan ya kife."

Washegari Mai Keke ta yafa gyale, ta ɗauki almakashi da zare, ta bi layin nan mutane na leƙenta. Matar Magini ce ta buɗe ƙofa. Mai Keke ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ta zo ne ko za a ba ta wandunan maigida ta gyara.

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Ɗanki ya yanke ƙafa, ke kuma kin zo yanke wando?" Ta rufe ƙofa.

Ranar Mai Keke ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kafinta ya ce ta haƙura, a bari zuciya ta huce tukuna. Ta ce, "In na jira sai ta huce, wa zai ɗebo musu ruwa?" Da safe ta cika jarkoki a famfon layi, ta jere su a ƙofar Magini, ta share gaban gidan, ta komo ba ta ƙwanƙwasa ba. Haka ta riƙa yi. Wasu a layi suka ce neman suna take, wasu suka ce tsoron bakin mutane ne. Da farko ruwan yakan yini a waje ba a taɓa ba. Daga baya aka fara shigar da shi, a turo jarkokin wayam.

Ana nan, wata rana tana shago, sai ga matar Magini da ƙunshin wanduna. Ta dire su a kan teburin yanka.

"Shi ya ce in kawo. Ni ban ce ba."

"Na gode, 'yar'uwa."

"Kada ki ce min 'yar'uwa."

Mai Keke ba ta yanke ko ɗaya ba. Naɗe ƙafar ta yi ta ciki, ta sa maɓalli, don in Allah ya sa an samu ƙafar roba sai a kwance kawai. Kafinta kuma ya shiga gidan da katako, ya buga wa abokinsa abin dafawa a banɗaki da bakin gado. Yana aiki Magini na tsokanarsa, wai ƙusarsa tun suna samari ba ta taɓa shiga a miƙe ba.

Gidan yari ma ba ta bari ba. Ranar ziyara takan tafi da sabulu da abinci, Auta ya sunkuyar da kai ya tambaye ta, "Mama, yaya jikin Baba Magini?" Takan gaya masa gaskiya, ba ragi. A can ta lura da waɗanda ba a taɓa kiran sunansu ranar ziyara ba. Wannan ne ya mai da ita coci. Ta tsaya gaban Zumuntar Mata, ta ce, "Kun san inda ɗana yake, kun san abin da ya kai shi. Ba shi na zo roƙa wa ba. Akwai 'ya'yan mutane a can da ba su da mai kai musu ko sabulu." Ba duka suka amsa ba, amma har yau akwai mata da ke bin ta, da ledojin sabulu da rigunan da ta sake wa wuya.

Magini bai koma hawa gini ba. Yakan zauna a kujera a wurin aiki, yana nuna wa leburori da sanda. Da sakin Auta ya matso, kafinta ya je ya same shi, ya ce sun yanke shawarar tura yaron wurin yayansa, kada ganinsa ya riƙa tayar musu da hankali.

Magini ya ce, "A'a. Ya dawo layinsu. Ya riƙa ganina, ni ma in riƙa ganinsa. Na yafe masa tun ina asibiti, amma ina so in faɗa masa da bakina."

Matarsa tana shanya a gefe. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni dai kada ya taka min ƙofa."

Da kafinta ya kawo labarin, Mai Keke ta ce matar tana da gaskiya, kada kowa ya matsa mata. Ta tashi ta buɗe ɗakin Auta, ta fitar da katifar ta shanya a rana.