Layin Baba Yawanci

Ana kiransa Baba Yawanci, don ba ya buɗe baki ba tare da ya ce "yawancin mutane" ba. Awo ne aikinsa a kamfanin motocin haya. Ya auna tsayin direbobi, ya ja layi biyu, ya ce casa'in da biyar cikin ɗari suna tsakaninsu, a kan haka za a ƙera kujeru. Waɗanda suka faɗo waje kuwa, wutsiya yake kiransu.

Bayan ya yi ritaya, autansa ya nemi aikin direba a wurin. Aka auna shi, ya zarce layin sama da yatsa biyu, aka sallame shi.

Baba ya tafi roƙon manaja.

"Baba, layinka ne fa," in ji manajan. "Ka ce ka yi kuskure, yau ɗin nan mu matsar da shi."

Baba ya san tun farko ya matse layin ne don mai kamfanin ya yaba masa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Awona daidai yake," ya ce.

A gida ya tarar da autan yana jiransa a bakin ƙofa.

"Dangin uwarka ka ɗauko," ya ce masa. "Tsayi ba dalili."