Ƙullin Zanen Laraba

Ɗakin kakarmu Iya yana ƙarshen gida, kusa da rumbuna, a ƙauyenmu da ke tafiyar rabin yini daga Kafur. Bayan tuwon almuru nan muke taruwa, mu jikokinta. Ta iza kututture a murhu ta ce, "Ku matso ku ji, amma kowa ya bar wa wuta wurinta."

Ƙanwata Laraba ba ta zama cikinmu. Tana da farfaɗiya, kuma a lokacin kowa ya yarda duk wanda miyaunta ya taɓa ya ɗauka. Ƙwaryarta daban, ludayinta daban. Iya kaɗai ke zaunar da ita a gefenta, nesa da murhu. Kafin tatsuniya sai ta ba ta jiƙon wasu saiwoyi masu ɗaci, sannan ta kama bakin zanen Laraba ta ƙulle a nata idon sawun.

Saiwoyin daga hannun Kande suke, wata Bamagujiya da ke bayan rafi. Ni kuwa na fara zama a zaure, na ji maza suna cewa maganin Maguzawa ba ya kashe cuta, sai dai ya ɗauke ta daga wani ya ɗora wa wani. Tun ranar na sa wa ƙullin nan ido. Me ya sa sai an sha magani ake ɗaurawa? Wa za a ɗora wa? Har na daina karɓar gyaɗa daga hannun Iya.

Ta lura. "Kai mijin nan nawa, me na yi kake harara ta kamar na sace akuyar ubanka?"

Ranar ta ba mu labarin wani manomi mai rijiya a bakin gona. Kullum da asuba yana hango maƙwabcinsa tsugune a wurin. Wata rana ya je ya tarar da itatuwa gicciye a bakin rijiyar, ya ce asiri ne, ya kwashe ya watsar. Ashe maƙwabcin ne ya gicciya su don makauniyar saniyar manomin da ke bi ta nan. Da ta faɗa ciki ya tsaya yana ihu, wa ya yi masa wannan. Iya ta kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗon rijiya: "Duba tafinka, malam, ga sauran ɓawon itace nan."

Kowa ya fashe da dariya. Ni dai na ce a raina tsohuwa tana kare kanta ne. Cikin hayaniyar na rarrafa ta bayanta na kwance ƙullin.

Da Laraba ta ji ba abin da ke riƙe ta, sai ta riƙa matsowa wajenmu kaɗan-kaɗan. Can abin ya taso mata. Iya ta fizgi ƙafa kamar yadda ta saba, ba abin da ya biyo. Laraba ta kife, hannun dama cikin garwashi. Muka watse don tsoron miyau. Iya ce ta janye ta, ta kwantar da ita a kan haƙarƙari tana goge mata baki da hannunta. Iya ba ta ɗauki cutar ba, har ta mutu.

Yatsu uku suka manne. Babanmu ya ce aikin Kande ne, ya hana ta shiga gidan. Ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Na faɗa wa tsohuwa, saiwa wata rana ta rage faɗuwa, wata rana ba ta yi. Wuta da ruwa su ke kisa, shi ya sa na ce a ɗaure ta. Wa ya kwance?"

Ina tsaye. Na ɓoye laifina. Iya ta tafi kabari tana zaton yatsunta ne suka tsufa suka kasa ƙulli.

Shekaru masu yawa na ɗauka labarin rijiyar kan wautar manomi yake. Yanzu na gane kwaɗon nake ta guje wa. Sai bara, bayan furfura ta gama da mu duka, na je ɗakin Laraba na faɗa mata. Tana kaɗa auduga da hagu, ba ta ko ɗago ba.

"Ai na sani, Yaya," ta ce. "Na ji lokacin da kake kwancewa. Na ɗauka so kake in zauna kusa da kai."