Guduma Huɗu a Kan Wasan Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan Safar, tsakanin la'asar da magariba, aka soki ɗan kawuna da wuƙa a ƙofar shagonsa. Ya cika a kan cinyata kafin motar da muka tare ta kai mu asibiti. Mutanen intanet sun san shi da Guduma, mai sharhin wasannin bidiyo. Ni kuwa taubashina ne, yayana, kuma mutumin da na fi kowa iya ɓata wa rai a duniya.

Yaya Guduma, da so samu ne da na yi shiru na ci gaba da yi maka addu'a, domin rubutu irin wannan ba sana'ata ba ce. Amma akwai wani bawan Allah mai gyaran waya da masoyanka suke neman kashewa da sunanka, kuma ni kaɗai na ga abin da ya gudana tsakaninku daga farko har ƙarshe. Saboda haka zan faɗi wane ne kai, sannan in faɗi abin da na gani.

Shagonka ɗaki ɗaya ne mai talabijin a jikin kowane bango, da benci, da fankar da take kuka fiye da yadda take ba da iska. Matasa suna zuwa su buga ƙwallo da tseren mota, da wannan kake ci da iyalinka. Amma zuciyarka tana can kusurwar baya, inda ka ajiye kututturen itace da gudumar maƙera. Ba ka damu da wasannin manyan kamfanoni ba, ka ce su suna da masu yi musu kirari. Naka su ne ƙananan wasannin da mutum ɗaya ko biyu suke haɗawa a ɗakin kwanansu, su saki a intanet babu wanda ya sani. Sai ka buga wasa har ƙarshensa, ko da zai kai ka mako. In ka gama, in riƙe waya ina ɗauka, ka ɗora mataccen hannun gem a kan kututture, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, ka faɗi laifin wasan ɗaya bayan ɗaya, kowane babban laifi ka sauke masa guduma. Guduma ɗaya wasa ne mai kyau. Biyar kuwa sai mu share gutsattsarin roba har bakin titi. Ban taɓa ganin wasan da ya tsira babu ko ɗaya ba.

Bakinka ya fi gudumar zafi. Akwai wasan wani mahauci da yake yaƙi da ɓeraye a ƙarƙashin kasuwa, jini yana fantsama har ya rufe fuskar talabijin, kowa yana yabonsa. Ka ba shi uku. Ka ce an zuba jini kamar an fasa tulu, amma in ka kai sara ba ka jin nauyin addar a hannunka, kamar kana yanka iska. Akwai na wata tsohuwa mai kwale-kwale da take tsallakar da matattu kogi, babu faɗa a cikinsa ko kaɗan. Ka ba shi ɗaya tak, kuma laifinsa shi ne ya ƙare da wuri. Na wasu 'yan sama jannati kuwa da maganarsu ta fi harbinsu yawa, ka ce wanda ya rubuta shi ya je ya buɗe gidan rediyo ya bar mu mu huta. Ranar har ƙotar gudumar ta tsage.

Ni kake fara miƙa wa kowane sabon wasa. Ka ce tunda ban wuce allo ba, ba na karanta turancin da suke rubutawa, in na gane inda zan bi da abin da zan danna ba tare da an karanta mini ba, to mai wasan ya san aikinsa. In na tsaya ina zagaye a wuri ɗaya, sai ka ce, "Alaramma ya ɓata, guduma ɗaya ta tabbata." Wannan Alaramma da kake kirana har yau ban san ko girmamawa ce ko zagi ba, amma duk unguwa ta ɗauka.

Na rama iya ƙarfina. Na taɓa shafa barkono a maɓallan hannunka, ka murza ido ana tsakar ɗauka, ka yi sharhin wasan tsere kana hawaye kamar wanda aka aiko wa mutuwa. Babbar tsiyar kuwa ita ce ranar da na musanya mataccen hannu da sabon da ka fi so. Sai da ka sauke masa guduma ta biyu ka ga fitilarsa ta kama tana ƙiftawa. Ka dubi hannun, ka dube ni. Ka biyo ni da guduma a sama har layin masu walda, mutane suna darewa, ni ina dariya ina neman tsari da Allah. Da ka kama ni ka shaƙe mini wuya har na ga duhu, sannan ka sake ni, ka tambaya ko wayar tana ɗauka lokacin da abin ya faru. Da na ce tana ɗauka, sai ka ce to mu saka shi haka. Bidiyon da ya fi kowanne yawo ke nan.

Wanda bai san ka ba zai zaci mugu ne kai. Ba su ga lokacin da na kwanta da zazzaɓin da ya kusa tafiya da ni ba, ka rufe shago ka goya ni a bayanka har gadon asibiti, kana zagina a hanya wai na cika nauyi kamar buhun siminti. Ba su san kai kake zaunar da ni ka saurari haddata ba, kana riƙe da Alƙur'ani, in na yi kuskure ka buga benci da tafin hannu ka ce guduma ɗaya.

Yanzu maganar mai gyaran waya. Yana da rumfa a bakin babban titi, kuma shi da ƙanwarsa suka haɗa wasan rijiya, shi yana rubuta yadda zai yi aiki, ita tana zane. Mai haƙar rijiya ne yake sauka cikin ƙasa da diga da fitila, yana ƙara nisa duhu yana ƙaruwa, wasu abubuwa marasa ido suna fitowa daga bango su ja shi ta ƙafa. Watan jiya ka ba shi guduma huɗu. Ka ce in aka kashe ka sai a mayar da kai bakin rijiya ka sake daga farko, wannan azaba ce ba wasa ba. Ka ce ƙarar digar kamar cokali a gwangwani. Ka ce mutumin yana ratsa bango ya faɗa inda babu komai. Ta huɗu kuwa ka sauke ta da ƙarfin da ya sa maɓalli ya tashi ya fasa mini leɓe, ka ce wannan ta haushi ce, domin duhun wasan ya ba ka tsoro da gaske, kuma wanda ya iya haɗa duhu irin wannan bai kamata ya saki aiki a haka ba.

Washegari ya shigo shago idonsa jajir. Bai yi sallama ba, ya ɗauki kujera ya jefe ka da ita. Kuka kama kokawa a tsakanin benci, ya fasa maka hanci da goshinsa, kai kuma ka haɗa kansa da bango har talabijin ɗaya ta faɗo ta tarwatse. Da ƙyar muka raba ku. Yana fita, riga a yage, ya juyo ya rantse sai ya ga bayanka. Wani daga cikin masu buga ƙwallo ya ɗauki wannan a waya, kuma shi ne bidiyon da yake yawo yanzu.

Abin da ba a ɗauka ba shi ne abin da ya biyo baya. Jinin hancinka bai gama tsayawa ba ka ce in rufe shago in raka ka. Na zaci ramuwa za mu, har na ɗauki guntun katako, ka ƙwace ka jefar. Muka same shi a rumfarsa yana wanke fuska. Ka ja kujera ka zauna a gabansa, auduga a hanci, ka ce ya buɗe kwamfutarsa ka nuna masa bangon da ake ratsawa. Ya daɗe yana kallonka, sannan ya buɗe. Tun daga ranar kusan kullum kana can bayan azahar, kuna musu kamar za ku sake dambe. Kai ka kai su wurin masu fasa dutse suka ɗauki ƙarar diga ta gaske. Ƙanwarsa har ta fara kiranka Yaya.

Ranar Litinin kuwa babu mai gyaran waya babu labarinsa. Wasu samari biyu ne da ba 'yan layinmu ba suka yi gardama a kan wanda zai karɓi hannu bayan an tashi wasan ƙwallo. Zagi ya koma mari, suka fito waje suna naushin juna, ɗayan ya zaro wuƙa daga ƙugunsa. Ka fito da gudu hannunka babu komai, ka shiga tsakani ka ture wanda za a soka. Wuƙar ta shige ka a ƙarƙashin haƙarƙari, ya zare, ya sake kai maka a kafaɗa. Ka durƙusa a kan matakala. Na cire rigata na danna a wurin, jinin yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna da ɗumi, yana gangarawa cikin kwata. Masu walda suka kama yaron suka yi masa jina-jina kafin 'yan sanda su karɓe shi. Yana hannunsu har yanzu, kuma bai taɓa jin sunan wasan rijiya ba.

A cikin mota ka ce in tuna in kashe janareto. Na ce to. Da na ga idonka ya fara juyawa na sunkuya ina laƙƙana maka kalmar shahada. Ka dube ni irin kallon da kake yi mini in kana zargin na shirya wata tsiya. Da ka ga babu, sai ka faɗe ta, sau biyu, a fili.

Ba a gama yi maka sutura ba aka fara yaɗa cewa mai gyaran waya ne ya turo a kashe ka. Ranar Talata wasu da suke kiran kansu mabiyanka suka far wa rumfarsa. Suka farfasa gilashi, suka tattake wayoyin mutane, suka kwantar da shi a kan titi suna dukansa da katako har suka karya masa yatsu uku na hannun dama. Ƙanwarsa ta faɗa a kansa, ita ma aka fasa mata kai. Suka bar saƙo cewa za su dawo da fetur.

Ku da kuka yi wannan, kun kalli bidiyon Guduma shekara da shekaru amma ba ku fahimci mutumin ba. Wasan da ya raina ba ya ɗaukar masa guduma. Na ga ya buga wasanni da yawa na ɗan lokaci, ya kashe, ya ce in kawo wani, kuma ba ku taɓa jin labarinsu ba. Wanda ya ɗora a kan kututture, to ya ba shi kwanakinsa ne, ya bi shi har ƙarshe, yana son ya ga ya gyaru. Kun ga guduma huɗu kun ce gaba ce. Hannun da kuka karya shi ne hannun da Guduma ya yi wata guda yana zama kusa da shi.

Da na faɗa wa Kawu duk wannan, sai ya aike ni in zo da mai gyaran wayar. Na same shi a ɓoye a ɗakin wani maƙwabcinsu, na riƙo shi muka ratsa ta tsakiyar samarin da suka cika ƙofar gidan Kawu. Wani ya tofa masa yawu. Kawu ya miƙe da sandarsa, ya kama shi ya zaunar da shi a damarsa a kan tabarma, inda ake karɓar gaisuwa. Ya dubi samarin ya ce, "Ɗana na binne jiya. Wanda ya zo yi mini ta'aziyya ya fara da wannan, wanda ya zo da fetur kuma ya fara da ni." Wasu suka sunkuyar da kai suka zo suka gaishe shi. Wasu suka juya suka tafi, kuma saboda su nake wannan rubutu. Shi da ƙanwarsa suna gidanmu, ɗakina yake kwana, kuma ba zai fita ba sai ranar da zai iya buɗe rumfarsa babu mai harararsa.

Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni, hannu a naɗe, ya tambaye ni ko ka samu ka buga gyararren wasan da ya kawo maka. Na ce ka buga, ka kai ƙasan rijiyar da safiyar ranar da ka rasu. Ya tambayi guduma nawa. Na ce ban sani ba, ba mu kai ga ɗauka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba. Abin da na gani kawai, da ka kai ƙasa ka ajiye hannun a cinyarka, sannan ka ce in mayar maka da shi bakin rijiya za ka sake sauka. Ya rufe fuskarsa da hannun da bai karye ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa zafin bakinsa, ka karɓi jinin da ya zubar wajen kare wanda bai sani ba. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka tabbatar da harshensa wajen tambaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu da Inna, da matarsa, da 'yarsa da har yanzu take leƙa ƙofa in ta ji ƙarar babur, da duk wanda ya taɓa haɗa wasa a ɗakinsa ya samu mutum ɗaya da ya buga shi har ƙarshe. Allah ya ba mu haƙuri, ya kare mu daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba, ya sa mu cika da imani. Amin.