Tarbiyyar Orval mai aski

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Orval Stuckey, mai askin garinmu Harlow, a tsakiyar gonakin masarar Indiyana. Ka san mu da ƙwallon kwando: ranar Juma'a in makarantar sakandare na wasa, ko kare ba ka gani a titi.

Orval ma ya buga a zamaninsa. Wata shekara 'yan babban birni suka zo suka yi musu cin kaca, suna jefawa suna dariya har aka tashi, ga mahaifinsa zaune yana kallo. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Da 'yarsa ta rasu ta bar masa jika, Marlys, shi ya koya mata riƙon ƙwallo, ya haɗa mata da ƙa'ida guda: in kin ga kun yi wa mutane nisa, ki daina jefawa, ki riƙa miƙa wa 'yan uwanki. Su ma da iyayensu suka zo.

Yarinya ta tashi da hannu kamar an sa mata ido a yatsu. Shi kuwa kullum yana bayan bencin 'yan wasa, da ya ga tazara ta yi yawa sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Marlys na hangowa, shi ke nan, ta koma rabon ƙwallo.

A shekararta ta ƙarshe kowa ya sa rai za ta shiga gwanaye biyar na jiha, waɗanda 'yan jarida ke zaɓa, masu horarwa na jami'o'i kuma su bi su da kira. Har wani ɗan jarida ya taso musamman don ya gan ta. Aka yi rashin sa'a, a ranar kuwa, da wata 'yar ƙaramar makaranta ake karawa, 'yan matan da ko na canji ba su da shi sosai. Kafin hutun rabin lokaci Marlys ta gama da su. Orval ya dubi baƙon, ya dubi yaran can suna haki, ya cire hula. Ɗan jarida ya kalli saura yana hamma.

Safiyar Asabar da sunaye suka fito, shagon askin Orval ya cika. Ba ta cikin biyar na farko, ba ta cikin na biyu.

"Wannan ai fashi ne da rana tsaka!" in ji Dwight manomi, yana buga jarida a cinya. "Waccan doguwar ta birni da suka zaɓa, in ba ita ta jefa ba, ƙwallo ba ya barin hannunta."

"To ai shi ya sa aka san ta," in ji Lonnie bakanike daga kan kujerar aski. "Maki suke ƙirgawa, ba kirki ba."

"Kai rufe mana baki, Lonnie. Kai da ko kwandon shara ba ka iya saitawa."

"Na ji, ban iya ba. Amma ka tambayi mai almakashin nan, sau nawa yarinyar ta tsaya a maki ashirin alhali arba'in na hannunta?"

Almakashi ya tsaya a bayan kunnen Lonnie, bai ƙara motsi ba.

Ana haka Marlys ta turo ƙofa, ta kawo wa kakanta kofi kamar yadda ta saba. Idanunta sun kumbura. Maza suka shiga kallon takalmansu.

"'Yata," in ji Orval, "waɗannan mutanen ba su san wasa ba."

"Sun sani, Kaka." Ta ajiye kofin a hankali. "Abin da aka nuna musu suka gani." Ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Rannan kaɗai, Kaka. Da ka bar ni rannan kaɗai."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Babu jami'ar da ta kira. Tana aiki a kantin magani na gari, tana gaishe shi da ladabi, tana kai shi coci ran Lahadi. Orval dai bai ƙara taka zauren wasa ba, ko da Juma'ar da aka karrama tsofaffin 'yan wasa.

To kai da ka ji, in jikarka ce a fili, baƙon nan na zaune, yaran mutane kuma na haki a gabanka, me za ka yi?