Damin da na yi wa shaida

Ana sallame asuba muka bar tashar Tawa, ni da gilashina da aji ukun lakkwal, wato boko, da nake tinƙaho da su shekara sittin. Murna ta hana ni shan fura. An kira ni shaida, jama'a! Kwamitin filaye zai zauna a wani ƙauye gaba da Affala don ba manoma takardar gona, aminina kuma, wanda muka yi ƙwadago tare tun muna samari, ya aiko in zo in yi masa magana.

Jikka biyu direba ya karɓa, ya cusa ni tsakanin buhun albasa da wata malamar lakkwal, Kirista ƴar kudu, wadda ta ba ni cuku. Sau biyu ta gyara mini Faransanci. Na yafe mata albarkacin cukun.

Da muka hau tudu sai na kama salati. Fakon nan da na sani, wanda ko akuya ba ta tsayawa, ya zama gonaki! Ramukan tassa jere har inda ido ya ƙare, kowane an zuba masa taki, hatsi ya fi ni tsawo. Na miƙe don in gani da kyau, rufin mota ya zaunar da ni.

Gonar aminina ta fi kowace. Shekara ashirin ke nan da ya roƙi fakon wurin wani dattijo, aka ce ya ɗauka, ai dutse ne. Da diga ya fasa shi, da jaki ya kai taki. Yanzu dattijo ya rasu, wuri ya yi kyau, ɗiyansa sun tuna gado.

Bayan mun ci kopto, kwaɗon zogale, aka zauna gindin gawo. Sakatare ya ce in faɗi abin da na sani. Na gyara gilashi, na yi gyaran murya, na zuba yabo: mutum ne mai amana, ko shekarar fari bai fasa kai dami ɗaya gidan dattijo ba, ni da kaina na taɓa ɗaukar masa a ka a shekarun farko.

Alƙalamin sakatare kaɗai ke motsi. Aminina yana kallon takalminsa. Sai a lokacin na tuna abin da kowa ya sani a ƙasarmu ta Adar: mai kai dami, aro ya amsa. Na leƙa takardar, aji ukuna suka yi aiki. Akwai wurin gado, akwai na saye, na kyauta, na aro. Na nemi wurin da ake rubuta zufa, babu. Aka ba magada takardar mallaka, shi aka ba shi ta aro, shekara uku.

Na ce wa aminina ya gafarce ni. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, tsoho. Bakinka ne dai ba shi da birki tun muna yara."

Da zan hau mota ya ɗora mini damin hatsi. Na ce masa tun da ni ya ba dami, a dokar kwamiti yanzu gonar tawa ce. Ya yi dariya har ya share ido, ban tambaye shi na mene ne ba.

Na iso Tawa da la'asar, uwargida ta tambayi yadda shaida ta kaya. Na ce tafiya ta koya mini cewa a ƙasarmu takarda ta san wanda ya haifi mai gona, ba ta san wanda ya haƙa ramin ba. Ta ce to, ni me na koya a kaina? Damin na nan rataye a zaure. Har yau ban bari an sussuke shi ba.