Hudar da ke Jikin Sulke

A layin maƙera na kasuwar Kankiya akwai wani tsoho da ban san sunansa ba. Maƙwabtansa na ta ƙera fartanya da lauje, don tun zuwan Nasara ba mai neman takobi. Shi kuwa yana gefe, ya shimfiɗa wani tsohon sulke bisa gwiwoyinsa kamar mai jinya. Hayaƙi ya rina gemunsa, babban yatsansa ba farce.

Akwai huda a sulken, daidai haƙarƙarin hagu. Yana ɗaukar ƙaramin zobe da awartaki, ya kai shi dab da ido, ya saƙala, ya matse. Hannunsa ba ya kuskure gurbin zoben. Ina jin wannan hannu ya yi wa dawakin yaƙi linzami, tun ba a haife mu ba.

Sai ga masinjan wani Bature mai tara tsofaffin kayan yaƙi, ya tsaya a kansa.

"Haba Baba! Tsatsa kawai aka ce ka goge. Bature da hudar mashin yake son shi, bango zai rataya baƙi su gani."

Tsohon bai ɗago ba.

"Yaro, na gane zobbana. Nan wurin ni na taɓa gyara shi, ana jibi fita yaƙi. Gaggawa na yi. Mai shi bai dawo ba."

Masinja na ta faɗa. Tsohon ya laluba ƙasa, ya ɗauki wani zoben.